Ruwa garau, kifi na mutuwa: yadda na haɗa wa tafkin koi filta

Ranar da na tsinci kifayena uku a mace, ruwan tafkin garau yake, har ina hango ƙasansa kamar babu komai a ciki. Bayan sallar asuba ne, na fito da kofin abincinsu yadda na saba, sai na ga farar nan mai jan tabo a ka, wadda yara suka fi so, ta kife a gefen bututu. Biyu kuma suna can lungu. Sauran taran sun taru a inda ruwa ke zubowa, sai buɗe baki suke yi a saman ruwa kamar masu neman ceto. Na daɗe a tsugune ban ce uffan ba. Abin da ya fi cin raina shi ne ban san laifin da na yi ba, domin a ganina duk abin da ake yi wa kifi na yi musu.

Shekara shida na yi ina kiwon tarwada a kwami biyu a bayan gidana da ke Kaduna kafin in shiga harkar koi, kifin nan na ado mai launuka, kuma wannan sanin ne ya rufe min ido. Tarwada tana da wata gaɓa a saman kunnuwanta, wato jajayen sassan da kifi ke numfashi da su, wadda take shaƙar iskar sama da ita kai tsaye, shi ya sa ko ruwa ya yi baƙi ya yi wari za ka ga tana leƙowa ta haɗiyi iska ta koma. Idan ruwan ya lalace sai ka buɗe bututu ka zubar, ka tara sabo, magana ta ƙare. Koi ba haka yake ba. Asalinsa kifin da ake kira kaf (carp) ne da manoman shinkafa a tsaunukan Niigata da ke Japan suke kiwo don ci, sai a ƙarni na 19 suka fara ware masu launi suna haɗa su, har aka baje su a wani babban baje koli a Tokyo a 1914, daga nan duniya ta san su. Numfashinsa duk a cikin ruwa yake. Ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, abinci wucewa yake yi kai tsaye ta hanji, saboda haka yini yake yana ci yana kashi. Ga shi kuma ba kifin wata shida ba ne da za ka kwashe ka sayar. Yana iya yin shekaru talatin tare da kai a ruwa ɗaya.

Tafkin nawa tsawonsa mita 4 ne, faɗi mita 2 da rabi, zurfi mita 1.2, wato lita 12,000 idan ya cika. Filtar da na fara yi masa wani ɗan akwatin siminti ne a gefe, na jera soso da gawayi da tsakuwa, ƙaramin injin tura ruwa yana ɗebowa daga ƙasan tafki yana zubawa a kai. Duk ranar Asabar nakan kwashe soson nan in wanke shi tas da ruwan famfo, in shanya shi a rana har ya bushe, in mayar. Ina ganin tsafta nake yi.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kiwon kifi, wanda muke sallah a masallaci ɗaya, shi na kira a ranar. Ya zo da ƴan kwalabe a cikin jakar leda, ya ɗebi ruwa a ƙaramar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza, muka zauna jiran minti biyar. Ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya sai ya koma kore shar. Ya kara shi da katin launuka ya ce, “Malam, amoniyarka ta kai 2. Ga pH ɗinka, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa, ya haura 8. Da me kake wanke soson nan?”

Na ce, “Da ruwan famfo, Baba. Har shanyawa nake yi.”

Ya girgiza kai ya ce, “To ai ma'aikatan naka kake kashewa duk mako.”

A bakin tafkin nan ya zaunar da ni ya yi min bayanin da tun farko ya kamata in nema. Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa, wato jajayen sassan nan da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abinci ma idan suka ruɓe ita suke zama. Ba ta da launi, ido ba ya ganinta, amma tana ƙona kunnuwan kifi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne wa jikin soso da tsakuwa da bangon bututu, su ne ke mayar da ita naitirait. Shi ma naitirait guba ne, yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska. Sai wani rukunin bakteriya na biyu ya mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jure wa har zuwa lokacin da za ka rage shi da canjin ruwa. Waɗannan halittu kafin su yi yawan da za su iya aikin sai sun ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma kulorin ɗin ruwan famfo da zafin rana suna hallaka su nan take. Sabon simintin da ban shafa wa komai ba shi ke ɗaga pH, kuma yadda pH da zafin ruwa suka hau, haka dafin amoniya ke ƙaruwa. Daren da abin ya faru kuma an ɗauke wuta tun magariba, injin bai juya ba har gari ya waye. Abu uku ne suka haɗu a kan kifayen.

A ranar muka kwashe taran da suka rage zuwa kwamin tarwada ɗaya da ba kowa a ciki, muka saka musu dutsen iska, wanda ke fitar da kumfar iska a cikin ruwa, na daina ba su abinci na kwana uku, ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansu kullum. Tafkin kuma na zubar da shi gaba ɗaya, na shiga neman irin filtar da ta dace.

Wajen zaɓe na sha ruɗani, domin kowane mai shago abin da ke kantarsa yake yabo. Na farko ya nuna min filtar yashi irin ta wurin ninƙaya, ya ce ruwa zai fito kamar na gora. Gaskiya ne tana tace ƙura, amma don ruwan da aka zuba wa kulorin aka yi ta, ba don ruwan da kifi ke kashi a ciki dare da rana ba. Yashin toshewa yake yi cikin kwanaki, kuma injin da zai iya danna ruwa ta cikinsa yana cin wuta wajen wat 750. Wani ya fito min da ƴar tukunyar roba mai murfi ta ƙasar waje, an rubuta lita 20,000 a jikin kwalinta. Da na karanta ƙananan rubutun da ke gefe sai na ga wannan adadin na tafkin da babu kifi ne. Idan koi ne a ciki, abin da za ta iya ɗauka bai kai rabin nawa tafkin ba. Akwai kuma mai gangar ƙarfe da ke juyawa tana wanke kanta da kanta. Wannan kam na yi sha'awarta ƙwarai, kuma har yau ina ganin babu kamarta wajen cire datti. Sai dai tana da mota, da na'urar gane tsayin ruwa, da injin feshi, kuma duk wanda ya lalace a cikinsu sai an yi odarsa daga waje, kifi kuwa ba zai jira wata guda ba.

Abin da ya raba gardamar takarda ce da biro. Na zauna na rubuta tambaya ɗaya a sama: wat nawa zan iya ba wannan tafki awa 24, ko akwai wuta ko babu, ba tare da na kunna janareta ba? Lissafin ya tsaya a kan kamar wat 160. Duk filtar da ta wuce haka na soke ta, komai kyanta. Wannan ne shawarar da zan ba duk wanda ke zaune a inda wuta ba ta da tabbas, domin filtar da ke aiki awa goma ta kwanta awa goma sha huɗu ba filta ba ce, ma'ajiyar ruɓaɓɓen datti ce.

Sai na koma kan durorin roba shuɗaye masu lita 200, irin waɗanda ake samu a kasuwa. Na zaɓi waɗanda aka zubo kayan abinci a ciki, na guji duk wanda ban san abin da ya taɓa ɗauka ba. Tsarin shi ne ruwa ya gangaro da kansa daga ƙasan tafki zuwa durorin, injin kuma ya zauna a ƙarshe, inda ruwa ya riga ya tsarkaka, ya mayar da shi. Dalili kuwa, injin da ke zaune a ƙasan tafki niƙe kashin kifi yake yi ya zama gari kafin ya isa filta, daga nan kama shi ya zama aiki. Wannan ya sa dole muka fasa daɓen tafkin muka saka magudana a tsakiya, muka karkata daɓen ta kowane ɓangare zuwa gare ta, muka haƙa rami a gefe don bakin durorin ya yi daidai da saman ruwan tafki.

Mun ɗan ja da mai aikin famfo a kan bututu. Ya ce, “Alhaji, inci 2 ya isa, inci 4 ai na masai ne, asarar kuɗi kawai.” Na ce masa, “Malam, wannan ruwan ba injin ne zai turo shi ba, da ƙafarsa zai zo. Saka min inci 4.” Ya saka yana ƙorafi, amma ya yi aiki mai kyau, ko ɗigo babu. Bayan simintin ya bushe na shafe tafkin duka da fentin da ake yi wa tankin ruwan sha, na cika na zubar sau biyu kafin in amince da shi.

A duro na farko ruwa yana shigowa ta gefe, ya riƙa kewayawa a hankali, datti mai nauyi ya kwanta a tsakiyar ƙasa inda na saka bawul na zubarwa. A nan na yi kuskuren da sai daga baya na gyara. Injina an rubuta masa lita 10,000 a awa, amma bayan hawa da lanƙwasar bututu abin da ke isa bai wuce 7,000 ba, na auna da bokiti da agogo. Ko hakan ya yi wa duro mai lita 200 yawa, ruwan ba ya samun minti biyu a ciki, dattin bai gama kwanciya ba ya wuce. Bayan wata uku na cire shi na saka tanki mai lita 500, nan take na ga bambanci. Duro na biyu burusai ne a rataye a jere, sai tabarmar soso mai manyan ƙofofi a samansu, su ke kama abin da ya tsere wa na farko.

Duro na uku da na huɗu su ne zuciyar aikin. A cikinsu na zuba K1, wasu ƙananan robobi farare masu kama da yankakkiyar makaroni, da gicciye a tsakiya. Lita 60 na saka a kowanne, ban kai rabin duro ba, don su samu filin motsi. A ƙasa akwai duwatsun iska da ke haɗe da injin iska mai wat 45. Iskar ce ke juya su ba tsayawa, kamar wake a tukunya yana tafasa, suna gogar juna suna kakkaɓe tsohuwar dauɗa, bakteriya kuma na zaune a lungunan cikinsu ga abinci ga iska. Kwanakin farko duk sun taso sama sun yi cirko-cirko sun ƙi nutsewa, har na ɗauka an sayar min da jabu. Dattijon ya ce in ƙyale su. Cikin mako guda suka fara juyawa, bayan wata biyu farin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, alamar masu gidan sun tare.

Jiran nan shi ne mafi wuya a duk aikin. Dattijon ya yanko min wani tsohon soso daga nasa tafkin, ya kawo shi a jiƙe cikin bokiti, muka jefa a duro na biyu don ya zama iri. Na mayar da kifayen, ina ba su abinci sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti biyu. Na sayi littafi na musamman, kullum da safe in gwada ruwa in rubuta. Kwana goma na farko amoniya ce ke hawa, ina sauke ta da canjin ruwa. Da ta fara sauka da kanta sai naitirait ya taso, a mako na uku ya kai 1 ya tsaya cak, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na ga kifayen sun yi sanyi, suna kwanciya a ƙasa da fikafikai a manne. Nan na narka gishiri kilo 12, wato kilo ɗaya ga kowace lita 1,000, na zuba a hankali cikin yini biyu, domin gishiri yana tare wa naitirait hanyar shiga jinin kifi. Ba ya kawar da shi, lokaci kawai yake saya maka. A kwana na 39 na ɗiga magani a kwalba, ruwan ya tsaya shuɗi bai juya ba. Na sake gwadawa don in tabbatar. Sai da na yi sujadar godiya a wurin.

A tsakanin nan ruwan ya koma kore kamar miyar kuka, ko kifin ba a gani sai ya taso. Uwargida ta leƙo wata rana ta ce, “Abban yara, duk kuɗin nan da aka kashe, wancan ruwan na da ai ya fi wannan kyau.” Na ce mata wancan ne ya kashe kifi, wannan kuwa lafiyarsu lau a ciki. Gansakuka ce ƙanana da ke yawo a ruwa, rana da naitiret ke ciyar da su. Illarta ɗaya, da dare ita ma iska take sha, sai ta yi gogayya da kifi. Da gwaji ya daidaita na kunna fitilar UV, mai hasken da ke kashe gansakuka, mai wat 36 da na saka a kan bututun komawa, cikin kwana goma ƙasan tafki ya bayyana. Ƙwan fitilar ana canza shi duk shekara ko da yana ci, domin ƙarfin hasken da ke aikin raguwa yake yi, kuma ba a kallonsa da ido tsirara.

Wuta kuwa na ware wa tafkin nasa layin daga batirin sola, ba ya haɗuwa da firji ko dutsen guga. Injin ruwa wat 80, injin iska wat 45, su biyun suna cin kilowat-awa 3 a yini. Idan hadari ya rufe rana kwana biyu batir ya yi ƙasa, fitilar UV nake fara kashewa, sai injin ruwa. Injin iska shi ne na ƙarshe, shi ba na taɓa shi, don da shi kifi da bakteriya suke rayuwa. Sau ɗaya muka je gida hutun Babbar Sallah, inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta injuna, ta katse ba wanda ya lura sai bayan kusan yini guda. Da na dawo na buɗe murfin duro na biyu sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Allah Ya sa ban kunna inji ba. Na rufe bawul ɗin da ke tsakanin filta da tafki, na zubar da ruwan durorin kaf, na ɗauraye da ruwan tafki, sannan na tayar. Da wannan ruwan ya koma kan kifayen, ban san abin da zan tarar da safe ba. Naitirait ya ɗan leƙo na mako guda ya koma. Tun daga ranar na liƙa takarda a bangon ramin da matakan da za a bi, na kuma koya wa babban ɗana.

Kowane yanayi da nasa hali. Da hunturu ƙura ce da ganyen dalbejiya, saman ruwa ya yi fari-fari, burusai su cika cikin kwana uku. Wannan ya sa na ƙara ƙaramar magudana a saman ruwa mai kwando a ciki, tana janye abin da ke yawo kafin ya nutse. Ruwan kan sauka zuwa digiri 17 ko 18 da asuba, kifi ya rage ci, bakteriya ma su rage aiki, sai in rage abinci. Bazara ce abin tsoro. A Maris da Afrilu na sha auna digiri 30 zuwa 31 da la'asar, alhali koi ya fi sakewa tsakanin 15 da 25. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, ga kifi na buƙatar iska fiye da kullum. Na kafa rumfar raga a kan kashi biyu cikin uku na tafkin, na ƙara duwatsun iska biyu a cikinsa, abinci kuma sai da sassafe.

Damina ta zo min da abin da ban zata ba. A watan Agusta na ga pH yana sauka, daga 7.6 har ya kusa 6.5. Ashe bakteriyar nan suna cinye sinadarin da ke riƙe pH a wuri ɗaya, wanda ake aunawa da sunan KH, ruwan sama kuma ba ya ɗauke da shi, sai ya ƙara tsarma na tafki. Wani maƙwabcina ya ce in jefa kanwa. Na ƙi, domin kanwa tana iya cilla pH sama a lokaci guda, kuma ba ka san ƙarfin wadda ka saya ba. Bekin soda na yi amfani da shi, kaɗan-kaɗan cikin kwana huɗu ina gwadawa. Daga baya na sayo ɓawon kawa a wurin masu sayar da abincin kaji, na wanke, na ɗaure a buhun raga na jefa a duron ƙarshe. Yana narkewa a hankali, kuma tun lokacin pH bai sake yi min irin wannan faɗuwar ba.

Yanzu aikin ya zama jiki. Kullum da safe nakan buɗe bawul ɗin tankin farko na daƙiƙa ashirin, baƙin ruwa mai kauri ya fita ta bututu zuwa gindin ayaba da zogale. Ranar Asabar in girgije burusai da soso a cikin baho da ruwan tafkin kansa, ba na neman su yi fari, toshewar kawai nake cirewa. K1 ban taɓa wanke shi ba. Sannan in zubar da lita 1,200 in mayar da sabo daga rijiyar burtsatse. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, don haka ta kan shawa nake watsa shi daga sama. Gwajin ruwa ya koma sau ɗaya a mako, sai in na ga wani kifi ya ware kansa ko yana goga jiki a bango.

Taran nan duk suna raye. Da suka zo daga Legas a leda ba su fi tafin hannu ba, yanzu babbansu ya haura santimita 50, abincin da suke ci a yini ya ninka na farko sau biyar. Watan jiya na ga amoniya ta ɗan nuna 0.25 kwana biyu a jere bayan na ƙara musu abinci, abin da ya daɗe bai faru ba. Na riga na sayo duro na biyar da lita 60 na K1, mai aikin famfo zai zo ranar Asabar mu faɗaɗa ramin, kuma sai na ƙara faranti ɗaya na sola kafin in sauya injin iska da wanda ya fi shi ƙarfi.